Lauyoyin da suka bi mana diyyar Yaya bayan bugun zuciya ya kama shi a bakin aiki

Tauraro huɗu cikin biyar zan ba ofishin nan, ɗayan da na riƙe kuma zan faɗi dalili ba wani ɓoye-ɓoye. Ƙaramin ofishi ne a nan Kano, saman wani bene, lauyoyi uku da sakatare, kuma yawancin aikinsu rigimar ma'aikaci da kamfani ce, wanda aka sallama ba bisa ƙa'ida ba, wanda aka danne wa albashi, da wanda ya ji rauni a wajen aiki yake neman diyya. Sunansu ba zan sa ba don Baristar da ta riƙe mana fayil ita da kanta ta ce in bari, ba ta son abin ya zama talla, kamfanin da Yayana yake aiki ma ba zan kama sunansa ba. Abin da ya sa na ga ya dace in rubuta shi ne mutane da yawa a cikinmu ba su ma san ana neman diyya a kan bugun zuciya ba, a tunaninsu sai inji ya datse maka yatsa ko ka faɗo daga saman gini, alhali kuwa akwai hanya, sai dai hanya ce siririya kuma tana buƙatar wanda ya san ta.

Yaya mai kula da sito ne a wani kamfanin casar shinkafa, aikinsa biro da littafi, ya ƙirga buhun da ya shiga ya ƙirga wanda ya fita, ya haura hamsin, yana da hawan jini amma yana shan maganinsa yana zuwa asibiti ganin likita. A 'yan makonnin nan oda ta yi musu yawa aka haɗe musu diyuti biyu, ya fita bayan asuba ba ya dawowa sai an yi isha'i, Lahadin ma da ake hutawa aka ce a zo. Ranar da abin ya faru motar nan mai ɗaga kaya ta lalace ga tireloli sun yi layi a get, sai manaja ya ce kowa ya sa hannu, har da masu biro, aka shiga dakon buhu mai kilo 50 a zafin nan na Afrilu da ko a inuwa kake sai ka ji a jikinka. Bayan azahar ya ji ƙirjinsa ya riƙe, ciwon ya gangara hannun hagu har muƙamuƙi, gumi kamar an watsa masa ruwa, ya zauna a kan buhu ya kasa tashi. Abokan aikinsa cewa suka yi olsa ce har wani ya ruga sayo madara, Allah Ya sa wani direba ya ce a'a wannan ba olsa ba ce, ya saka shi a mota sai asibiti. Aka yi masa ECG, wato awon yadda zuciya take bugawa, aka ɗibi jini aka yi gwajin troponin, wani sinadari da yake ƙaruwa a jini in zuciya ta taɓu, likita ya ce bugun zuciya ne, jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe kuma wani ɓangare na tsokar zuciyar ya taɓu. Ya tashi alhamdulillah, amma an hana shi ɗaukar nauyi, an hana shi aikin dare, hawa bene ma sai ya tsaya ya huta.

Kowa da ya zo dubiya magana ɗaya ce, ciwo daga Allah ne, a yi haƙuri. Mu ma mun yarda daga Allah ne, wa zai musa, amma wanda inji ya cire wa hannu shi ma ai ƙaddararsa ce kuma ba a ce kar ya karɓi haƙƙinsa ba. Kamfanin su kuma suka fake da wannan maganar, suka ce ciwon gida ne, mutumin da dama yake da hawan jini, ko a kan gadonsa yake abin zai iya samunsa. Wani ɗan ƙungiyar ƙwadago ne ya ce mana kar mu tsaya jayayya da manaja, mu nemi lauyan da ya san wannan fannin, shi ya yi mana kwatancen ofishin.

Abu na farko da ya burge ni shi ne Baristar ba ta yi mana romon baka ba. Ta saurari Yaya har ya gama, ba ta katse shi ba duk da ya ɗauko labarin tun daga shekarar da aka ɗauke shi aiki, sannan ta ce, "Baba, zan gaya maka gaskiya tun yanzu don kar gobe ka ce ban faɗa ba, wannan yana cikin fayil mafi wahala da ake kawo mana. Da ƙafa ka karya ba sai ka zo wurina ba, kowa ya ga karaya ya ga inda aka yi ta. Zuciya kuwa ba a gani, kuma faɗuwa a harabar kamfani kaɗai ba ta isa hujja ba, sai mun nuna aikin yana da hannu a ciki." Yaya ya ce, "To 'yata, in babu nasara ki faɗa min in koma gida." Ta ce ba ta ce babu ba, ta ce dai ba ta yi alƙawari ba. Wallahi a nan hankalina ya kwanta da ita, don na taɓa zama gaban masu cewa ka kawo kuɗi kawai an gama, kuma mun san yadda irin wannan take ƙarewa.

Daga nan ta warware mana dokar da Hausa tsantsa. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ce ta 2010, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Disamba na shekarar, ta maye gurbin tsohuwar dokar da ake amfani da ita tun 1987. A tsohon tsari kamfani ne zai biya ka daga aljihunsa shi ya sa kowane kamfani yake kokawa da ma'aikacinsa har kotu, a sabon kuwa kamfani yana zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa duk wata a asusun da hukumar NSITF, wato hukumar gwamnati mai kula da inshorar ma'aikata, take kula da shi, daga nan ake biyan wanda abin ya shafa. Ba sai ka tabbatar kamfani ya yi sakaci ba, abin da ake nema kawai shi ne raunin ko ciwon ya samo asali daga aikin ko ya faru a cikin yin aikin. Kuma ba ruwan dokar da cewa kai na dindindin ne ko kashuwal ko ɗan koyo, ko da baki aka ɗauke ka babu takarda, duk ma'aikaci ne, har mai aikin gida in ba ɗan gidan ba ne, sojoji ne kawai aka cire. Hatta haɗarin da ya same ka a hanyarka ta zuwa aiki daga gida ko ta komawa yana ciki. Kuɗin nan na kashi 1 kuma haramun ne kamfani ya cire shi daga albashinka, wannan a sani, don akwai inda ake yi wa mutane wayo da shi.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce take kashe yawancin fayil tun ba a buɗe shi ba. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da kamfani cikin kwana 14. Kamfani ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7, in mutuwa ce kuma nan take. Takardar neman diyyar kanta a shigar cikin shekara 1, in akwai wani uzuri na musamman hukuma tana iya karɓa har cikin shekara 3. Mu muna cikin kwana 14 ɗin lokacin da muka je, kuma a zaman nan na farko kafin mu tashi ta sa aka buga wasiƙar sanarwa, Yaya ya sa hannu, ta ce in kai kamfani da kaina da kwafi biyu, in tsaya har sai an buga hatimi da kwanan wata a kan nawa kwafin, kar in yarda da "ajiye a nan za a ba shi". Na ce mata ai a gabansu ya faɗi, manaja yana tsaye, sanarwar me kuma. Ta ce e doka ta yi sassauci in kamfani ya riga ya sani, amma me zai sa mu dogara da sassauci alhali takarda ɗaya ta wadatar. Ta kuma bincika ko kamfanin ya yi rijista da hukumar yana zuba kuɗinsa, aka dace ya yi, rahoton ne dai ba su kai ba, sai da wasiƙarta ta isa teburinsu sannan suka motsa.

Inda suka ci kuɗinsu da gaske shi ne tattara hujja, nan kam ban ga abin kushewa ba. Tambaya uku ta kafa ta ce duk fayil ɗin a kansu yake tsaye, me ya yi a ranar wanda ba aikinsa na kullum ba ne, awa nawa ya yi yana aiki a makonnin da suka gabata, kuma minti nawa ne tsakanin dakon da fara ciwon. Ƙaramin lauyansu ya bi ni har kamfanin. Akwai littafin nan na get, babban littafi mai baƙin bango da gefensa ya yi baƙi da hannu, kowa ya rubuta sunansa da lokacin shiga da na fita ya sa hannu, maigadi ya ɗaure biro da zare a jikinsa. Ni ban taɓa kallonsa a matsayin wani abu ba, amma yaron nan ya tsaya yana buɗe shafi yana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya, ga sunan Yaya shiga 6:40 fita 9:15 na dare, gobe haka jibi haka, har Lahadi. Ya nemo katin aikin makanikin da ya nuna ranar da motar ɗaga kayan ta tsaya da ranar da aka gyara ta, ya nemo takardun lodin tirelolin ranar, ya zauna da direban da ya kai shi asibiti da 'yan dako biyu ya rubuta abin da suka gani da Hausa ya karanta musu suka sa hannu. Har saƙon murya da sufabaiza ya tura a guruf ɗinsu na WhatsApp yana cewa kowa ya fito lodi har 'yan ofis, ya sa aka adana shi a waya biyu. Ya ce min irin waɗannan abubuwan in aka yi wata biyu littafi ya cika an kai shi sito, ɗan dako ya koma ƙauye noma, waya ta faɗa ruwa, shi ke nan sai ka zo da baki kawai.

Ta kuma nuna mana cewa Dokar Ƙwadago ta ce wanda ya yi awa 6 ko fiye a rana yana da hutun aƙalla awa 1 a tsakani, kuma a kowane kwana 7 yana da hutun awa 24 a jere. Ba don ta kai kamfani ƙara a kan wannan ta kawo ba, don dai a ga cewa abin da jikin mutumin nan ya ɗauka ya wuce ƙa'ida.

Takardar likita ita ce ta fi ba mu aiki. Ta farko da aka ba mu layi huɗu ce, an kwantar da shi ranar kaza, bugun zuciya, sananne ne da hawan jini, an sallame shi ranar kaza. Ni da na gani na ce to ai ga shi an rubuta bugun zuciya, me ya rage. Baristar ta karanta ta ajiye ta ce wannan takardar kamfani take yi wa aiki ba mu ba, don abin da duk mai karantawa zai tsinta a ciki shi ne hawan jini, ba a ambaci buhu ba, ba a ambaci lokaci ba. Ba ta ce likita ya canza komai ba, a nan ma ta ja kunnena sosai cewa kar wanda ya je ya roƙi likita ya rubuta abin da bai gani ba, don ranar da aka gano fayil ɗin ya mutu har lahira. Abin da ta yi shi ne ta rubuta wa likitan zuciyar wasiƙa ta haɗa masa da bayanin aikin ranar da awannin makonnin, ta yi masa tambayoyi a jere, shin sakamakon ECG da troponin ya dace da cewa abin ya fara ne da rana a lokacin da ake lodi, shin dakon nauyi a cikin zafi ga wanda bai saba ba zai iya tayar da irin wannan, hawan jininsa yana kan magani ko a sake yake kafin ranar, kuma wane irin aiki zai iya yi nan gaba. Likita ya buɗe foldarsa ya ga a imajansi ma an rubuta cewa ciwon ya fara yana ɗaukar kaya, ya duba katin asibitinsa na baya ya ga awon jininsa yana tafiya daidai, ya rubuta rahoto shafi biyu. Ta gaya mana troponin yana tashi cikin 'yan awanni bayan zuciya ta taɓu kuma yakan yi mako ɗaya zuwa biyu kafin ya sauka, shi ya sa wanda aka kai asibiti a ranar yake da shaidar da wanda ya kwanta a gida yana shan jiƙo ba shi da ita. Don Allah duk wanda nasa ya riƙe ƙirji a wajen aiki a bar maganar madara da kanwa, a kai shi inda ake ECG, kuma wanda ya raka shi ya faɗa wa nas abin da yake yi lokacin da ciwon ya fara don a rubuta a folda, wannan layin guda ɗaya ya yi mana amfanin da ba zan iya kwatantawa ba.

Hawan jinin dai bai tafi a banza ba, kuma ta faɗa mana tun farko. Doka ta ce in rauni ya hau kan wata lalura da mutum yake da ita dama, ana biyan kason da za a iya jinginawa ga aikin ne, ba duka ba. Wato hawan jini ko suga ko shan taba ba sa rufe ƙofa gaba ɗaya amma suna rage faɗinta. Yaya ya so a ɓoye katinsa na hawan jini, ta ce a'a Baba, katin nan shi ne yake nuna kana kula da kanka, in muka ɓoye su suka tono mun zama maƙaryata.

Na tambaye ta wai mu kaɗai ne muke wannan wahalar ko ko'ina haka ne, ta ce ko'ina zuciya rigima ce. A Amurka jihohi da dama sai ka nuna ka yi wani aiki da ya wuce wanda ka saba kafin a biya, amma wasu jihohin kamar Kalifoniya da New York sun yi wa 'yan kwana-kwana da 'yan sanda doka ta musamman cewa in ciwon zuciya ya kama su a ɗauka daga aiki ne sai in an kawo hujjar akasin haka. A Japan kuwa saboda yawan masu mutuwa da aiki har ma'auni suka sa, ƙarin lokaci na kusan awa 100 a watan ƙarshe ko kimanin awa 80 duk wata na 'yan watanni, in ya kai haka ana ganin aikin yana da hannu sosai. Sannan a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto cewa mai yin awa 55 ko fiye a mako haɗarin mutuwarsa da ciwon zuciya ya ƙaru da kashi 17 cikin 100, na shanyewar ɓarin jiki da kashi 35, in aka gwada da mai yin awa 35 zuwa 40, kuma sun ƙiyasta mutum 745,000 ne suka mutu ta wannan hanyar a 2016. Ta saka wannan rahoton a cikin bayaninta. Ni da na ji awa 55 sai da jikina ya yi sanyi, don masu gadi da direbobi da 'yan masana'antar Sharaɗa da Bompai da Challawa da na sani da yawansu kafin Juma'a sun wuce wannan.

Ana cikin haka sai ga wani daga kamfanin ya zo gida dubiya da ambulan, kuɗi ne masu ɗan kauri ga wanda ake binsa bashin magani, tare da takarda da Turanci a ce Yaya ya sa hannu, wai shaidar ya karɓi taimako ce kawai. Matar Yaya ta ɗauki hoton takardar ta tura min na tura wa Barista, cikin 'yan mintuna ta kira ta ce kar a sa hannu, a sakin layi na biyu an rubuta cewa ya yarda ciwon ba shi da alaƙa da aiki kuma ya yafe duk wani haƙƙi. Ta ce a doka irin wannan yarjejeniyar ta yafe diyya ba ta da ƙarfi ko an sa hannu, amma layin da ya ce ba shi da alaƙa da aiki zai zame mana ƙaya, don za a ɗaga shi a ce ga bakinsa. Ta ce in taimako ne tsakani da Allah a karɓa a yi godiya a rubuta rasit na kuɗi kawai. Mutumin ya koma da ambulan ɗinsa.

Yadda ta ƙare, hukuma ta karɓi fayil, likitocinta suka duba shi, aka amince aikin ranar yana da hannu, aka mayar da kuɗin asibitin da muke da rasit ɗinsa, aka kuma yanke masa diyyar nakasar da ba ta kai duka ba, bayan an cire kason hawan jini kamar yadda ta faɗa. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada kashi 90 cikin 100 na albashinsa ake ba shi duk wata, na Yaya bai kai nan ba tunda yana iya aikin zama. Ta ce in bai gamsu ba yana da kwana 180 ya nemi hukumar ta sake dubawa, in har yanzu bai gamsu ba sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa wadda tana da reshe a nan Kano, amma a ganinta abin da aka yanke ya yi daidai da hujjar da muke da ita, kuma ba za ta karɓi kuɗinsa ta kai shi inda ba ta ga ƙari ba. Maganar rasit kuwa a kula, duk maganin da aka saya a kemis ba a karɓi rasit ba ya tafi ke nan.

Wani abu da ta gaya min wanda bai shafe mu ba amma ya tsaya min a rai shi ne na waɗanda suka rasu. Mu Musulmi mutum ya faɗi da safe kafin la'asar an kai shi makwancinsa, haka addini ya koyar kuma ba wanda yake son a yanka gawar ɗan'uwansa, to amma sai iyali su zo mata bayan sadakar arba'in babu takardar likita ko ɗaya da ta faɗi sanadi, kamfani kuma ya ce ai ba a san abin da ya kashe shi ba. Ta ce ko ba za a yi binciken gawa ba, a daure a biya ta asibiti likita ya tabbatar ya rubuta abin da aka gaya masa da abin da ya gani, a karɓi takardar shaidar rasuwa, a rubuta sunayen waɗanda suke wurin a ranar. Don abin da ke ciki ba kaɗan ba ne, matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye kashi 90 cikin 100 na albashin mamacin ne duk wata, mai ɗa ɗaya kashi 85, yaran kuma ana lissafa su har su kai shekara 21 ko su gama digirin farko. Sannan akwai ƙofa ta biyu da ba ta buƙatar a tabbatar aiki ne sanadi, Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai ta aƙalla ninki 3 na albashin shekara, ga kuma abin da mamacin ya tara a asusun fanshonsa. Marayu nawa ne a unguwanninmu suke da wannan haƙƙin ba wanda ya taɓa gaya wa uwarsu, abin yana damuna ƙwarai.

Toh tauraron da na riƙe. Na farko waya, in Barista tana kotu shi ke nan ofishin ya yi shiru, ka kira sakatare ya ce zai faɗa mata, ka jira har ka gaji, kuma a tsakiyar tafiyar akwai lokacin da muka daɗe ba mu ji komai ba, ba wai ba a aiki ba ne, ana yi, amma mara lafiyar da yake kwance yana lissafin kuɗin makarantar yara saƙo ɗaya na "muna nan a kai" zai sa ya yi barci, kuma mai ciwon zuciya ba a son a bar shi da zullumi. Na biyu ƙaramin lauyan da ya san fayil ɗin ciki da waje ya bar ofishin ya koma Abuja, wanda ya gaje shi sai da muka sake ba shi labari daga farko har ya kira Yaya da sunan wani. Na uku benen nan, ofishin da yake karɓar masu karaya da masu ciwon zuciya a ce sai an hau mataki kusan talatin babu lifta, Yaya sai da ya zauna a tsakiya ya huta, daga baya dai da na yi magana Barista ta riƙa saukowa tana ganinsa a mota, amma ai ba kowa ne zai iya buɗe baki ya roƙa ba.

Kuɗinsu ba arha ba ne ga ɗan albashi amma ba su yi mana ƙwange ba. An biya kuɗin ganawa na farko, sannan aka yi yarjejeniya a rubuce ta kuɗi tsayayye kashi biyu, rabi a farko rabi in an gama, kuɗin mota da na kwafi da na rahoton likita daban kuma kowanne da rasit. Ba su nemi kaso a cikin abin da za a riƙa ba Yaya ba. Ta ma faɗa mana a zaman farko cewa doka ba ta ce sai da lauya ba, mutum zai iya zuwa ofishin NSITF da kansa ya cike fom, kuma wanda raunin sa a fili yake ga kamfani ya kai rahoto ita tana ce masa ya riƙe kuɗinsa ya je da kansa. Na zuciya da na shanyewar ɓarin jiki ne take cewa a nemi mai taya wa, kuma kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski, ita kam ta yi askin.

Roƙona gare su guda ɗaya ne bayan maganar waya, duk wasiƙun da suke ba mu da Turanci ne, na kotu ma ba na kasuwa ba, Yaya da matarsa sai sun jira na taso daga aiki na karanta musu, wani wurin ni ma sai na sake kiran ofis. Tunda da baki suna bayani da Hausa mai kyau, su riƙa haɗawa da ɗan taƙaitaccen bayani da Hausa a bayan kowace takarda, ko saƙon murya na minti biyu, don yawancin masu hawa benen nan 'yan dako ne da masu gadi da matan da aka mutu aka bari.